Ɗan jagora a cikin aji: abin da Ingila ta gano game da mataimakan malamai

Idan ka leƙa wani aji a firamaren gwamnati a Ingila da safe, sau da yawa manya biyu za ka tarar a ciki. Ɗaya tana gaban allo tana fama da yara wajen talatin. Ɗayar tana can gefe, ta lanƙwashe a kan 'yar kujerar yara, gwiwarta na gogar teburi, kusa da wani yaro da ba ya son a haɗa ido da shi. Ita ce ta tare shi a bakin ƙofa tun kafin a kaɗa ƙararrawa, domin hayaniyar shigowar yara tana firgita shi. Ita ce ta jera masa katunan hotuna a gabansa, na lissafi, na fita tara, na karatu, saboda in bai san abin da ke tafe ba hankalinsa ba ya kwanciya. Da ta ga ya fara kaɗa ƙafa da sauri ta san kuka na hanya, sai ta ja shi waje su zaga su dawo, darasi bai tsaya ba, sauran yara ma ba su lura ba.

Wannan mata ba malama ba ce. Ba ta da takardar shaidar koyarwa, albashinta kuma bai kama ƙafar na malama ba. Mataimakiyar malami ake ce mata. A shekarar 2000 irinta kimanin 79,000 ne a makarantun gwamnatin Ingila, idan aka lissafa da ma'aunin cikakken aiki. Zuwa 2023 sun haura 280,000, wato kusan uku cikin kowane ma'aikatan makaranta goma. Fiye da tara cikin goma mata ne, da yawansu iyaye ne da suka fara da zuwa taya makarantar 'ya'yansu aiki.

Ruwa ba ya tsami banza. Kafin shekarun 1970, yaron da aka ga yana da wata lalura a Ingila makaranta ta daban ake kai shi, wasu ma a ce sam ba su karantuwa. A 1978 kwamitin da Mary Warnock ta shugabanta ya fitar da rahoton da ya sauya maganar. Ya ce a daina rarraba yara da sunan naƙasarsu, a dubi abin da kowanne yake buƙata kafin ya iya karatu, ya kuma ƙiyasta cewa ɗaya cikin yara biyar zai buƙaci wani tallafi na musamman a wani lokaci na zamansa a makaranta. Dokar ilimi ta 1981 ta biyo baya, ta kawo wata takarda da hukuma ke rubuta wa yaron da lalurarsa ta yi tsanani, a zayyana abin da dole a tanadar masa. A 1994 gwamnatoci 92 suka haɗu a Salamanka ta ƙasar Sifen, suka amince cewa makarantar unguwa ita ce ta kowane yaro, mai lalura da marar lalura. Magana ta yi daɗi a takarda. Amma malami ɗaya ne a aji, hannunsa biyu. Wa zai raka yarinya mai keken guragu bayi? Wa zai lura da mai farfaɗiya? Wa zai zauna da wanda ba ya iya zama?

Amsar da ta fi sauƙi kuma ta fi arha ita ce a ɗauko wani babba a zaunar da shi kusa da yaron. Sai takardar nan ta hukuma ta koma ana rubuta ta da awoyi: wane yana da awa goma sha biyar na mataimakiya a mako, wance tana da ashirin. Iyaye suka gane cewa awa ita ce abin da za su iya ƙirgawa su kuma yi shari'a a kansa, don haka a kanta suke dagewa, kuma ban ga laifinsu ba. A 2003 gwamnati ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyoyin ma'aikatan makarantu don rage wa malamai nauyi, abin da ya ƙara buɗe ƙofar ɗaukar mataimaka. A 2014 aka sauya takardar da wata sabuwa wadda ta haɗa ilimi da lafiya da kulawa, tana bin mutum har ya kai shekara 25 da haihuwa. Zuwa 2024 masu riƙe da ita sun haura rabin miliyan.

Aikin da matan nan ke yi ba abin rainawa ba ne, kuma mafi yawansa ba ya fitowa a sakamakon jarrabawa. Akwai mai canza wa yaro ɗan shekara tara kaya ba tare da 'yan ajinsa sun sani ba. Akwai mai auna sukarin jinin yarinya kafin cin abincin rana. Akwai mai ƙara girman haruffa ga wanda ganinsa ya raunana, da mai gyara na'urar kunne, da mai juya bayanin malami zuwa maganar hannu. Yara da yawa, in aka cire wannan mutum ɗaya, gida za su koma. Malamai ma sun shaida cewa aji ya fi natsuwa, gajiyarsu ta ragu. Lokacin kullen korona, da aka bar makarantu a buɗe don 'ya'yan ma'aikatan lafiya da yara masu rauni, mataimakan nan ne suka riƙe azuzuwa da yawa yayin da malamai ke koyarwa ta intanet.

Saboda haka kowa ya ɗauka cewa yaron da ya fi samun mataimakiya shi zai fi ci gaba a karatu. Hankali ma abin da zai ba ka ke nan. Sai aka auna.

Daga 2003 zuwa 2008, wata tawaga a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Landan ƙarƙashin Farfesa Peter Blatchford ta bi diddigin yara fiye da 8,000 a makarantu sama da 150, tana duba yadda suke gaba a Ingilishi da lissafi da kimiyya. Da aka fitar da sakamakon a 2009, sai ya zo a juye. Yaran da suka fi samun tallafin mataimaka sun fi jan ƙafa a karatu fiye da takwarorinsu da suka samu kaɗan ko ba su samu ba. Cikin ma'aunai 21 da aka duba, 16 sun nuna koma baya, babu ko ɗaya da ya nuna riba. Mai karatu zai ce ai dama masu rauni ake ba mataimaka, to ina abin mamaki? Masu binciken sun yi wannan tunanin. Sun kwatanta yara masu lalura iri ɗaya, waɗanda suka faro daga mataki ɗaya, duk da haka giɓin bai ɓace ba. Abin da ya fi ciwo, ya fi faɗi a kan yaran da lalurarsu ta fi tsanani, su da aka yi tsarin dominsu.

Dalilin yana cikin ajin nan da muka leƙa da farko. Malama tana da yara talatin, ta waiga ta ga wancan yana da mai kula da shi, sai zuciyarta ta kwanta, ta ba sauran ƙarfinta. Ba mugunta ba ce, rabon aiki ne. Amma kwana da tashi sai ya zama yaron da ya fi kowa buƙatar gwanin koyarwa shi ne ya fi kowa nisa da gwanin. Wanda aka ɗauko don ya zama ƙari, ya koma madadi. Wani bincike da Rob Webster da Blatchford suka fitar a 2013, bayan sun bi yara masu takardar hukuma a firamare daga safe har tashi, ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na lokacinsu a wajen aji suke yin sa, nesa da malami da 'yan'uwansu ɗalibai, galibi tare da mataimakiya a wani lungu ko wani ɗan ɗaki. Sunan yaro yana cikin rajistar aji, shi kuwa yana baranda.

Sannan ga yadda maganar kanta take gudana. A ce an ba yaro bakwai a tara da biyar, ya tsaya yana kallon takarda. Mataimakiya tana ganin sauran yara sun kai tambaya ta shida, ba ta son a karɓi littafin nata yaron babu komai a ciki.

"To, bakwai ne ko? Ƙirga mini, takwas, tara, goma, sha ɗaya, sha...?"

"Biyu."

"Yawwa, sha biyu! Rubuta. Ɗaya, sannan biyu. Madalla, mu je ta gaba."

An cike shafi, malama ta duba ta sa maki, uwa ta gani ta ji daɗi. Yaron kuwa kalma ɗaya ya furta, ita ma an ɗora masa ita a baki. Masu binciken da suka naɗi irin waɗannan hirarraki sun lura cewa malami ya fi yin tambayar da ke buɗe tunani, mataimaki ya fi yin wadda ke rufe shi, domin hankalinsa yana kan a gama aiki, ba a gane shi ba. Tausayi ne ya jawo haka, kuma duk wanda ya taɓa taya ɗansa aikin gida da dare, barci na idonsa, ya san wannan jarabar.

Ta yaya ma za ta yi wani abu daban? Kusan uku cikin malamai huɗu da aka tambaya sun ce ba a taɓa koya musu yadda ake aiki da mataimaki ba, kuma kusan adadin haka sun ce ba su da wani lokaci da aka ware don su zauna da mataimakansu su tsara darasi. Ita mataimakiyar awoyin aji kaɗai ake biyanta. Tana shiga tare da yara, tana jin darasin a karon farko tare da su, sannan a ce ta sauƙaƙa shi nan take ga yaron da ya fi kowa wahalar fahimta. Ko gogaggen malami aka yi wa haka sai ya yi gumi.

A Amurka, inda dokar 1975 ta wajabta ilmantar da yara masu lalura, Michael Giangreco na Jami'ar Bamont ya daɗe yana nuna wata illar ta daban, wadda ba ta shafi maki ba. Babba yana manne da yaro daga safe har yamma, a aji, a filin wasa, a wurin cin abinci. Turawa kan kwatanta abin da Velcro, maɗaurin nan na takalmin yara mai ƙara in an ɓalle shi. Mu da ƙarangiya za mu kwatanta shi. Wane yaro ne zai zo ya yi maka raɗa, ko ya ja ka ku yi ɓarna, alhali ga wata babba a kafaɗarka? Abota ba ta ƙulluwa a gaban manya. Yaron ya saba kafin ya ɗaga fensir sai ya waiga, kafin ya amsa sallama sai an amsa masa. Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba: saurayi ɗan shekara goma sha huɗu da mace sa'ar mahaifiyarsa ke bi duk inda ya sa ƙafa, a gaban 'yan matan ajinsu.

Da wannan sakamako ya bazu, wasu suka bar jaki suka koma dukan taiki. A 2013 jaridun Ingila suka cika da rahoton cewa ana tunanin rage mataimaka don a tsimi kuɗi, ana kafa hujja da binciken. Masu binciken da kansu suka fito suka ce ba haka suka faɗa ba. Ba mataimakiya ce ta zaɓi inda za a zaunar da ita ba, ba ita ta hana kanta horo ba, ba ita ta rubuta jadawalin da babu minti goma na ganawa da malama ba. Shugabannin makarantu ne suka yi wannan, da gwamnatin da ta ga hanya mai arha ta bi.

Kuma akwai hujja ta ɗaya ɓangaren. Gidauniyar EEF, wadda ke gwada dabarun koyarwa a makarantun Ingila, ta fitar da jagora a kan wannan batu a 2015. Ta nuna cewa idan aka horar da mataimakiya a kan wani shiri takamaimai, na karatu ko na lissafi, ta riƙa ɗaukar yaro ɗaya ko 'yan kaɗan na ɗan gajeren lokaci sau da yawa a mako, yaran kan samu ƙarin ci gaba na kimanin wata uku zuwa huɗu a shekara. Mutanen nan dai su ne, abin da aka sa su ne ya bambanta. Sauran gyaran ba ya cin kuɗi sosai. A juya rabon aikin: wani lokaci mataimakiya ta zaga cikin sauran yara, malama ta ja kujera ta zauna da mai lalurar. A biya ta rabin awa kafin yara su shigo. A koya mata ta fara da mafi ƙarancin taimako.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi burge ni, don ya saɓa wa ɗabi'a. Koma kan bakwai da biyar ɗin nan. Yaro ya tsaya, ita ma ta tsaya, ta haɗiye maganarta, ta ƙirga a zuci har goma. In bai motsa ba, ta ce, "Me za ka fara yi?" In ya yi shiru, ta ce, "Jiya da me muka ƙirga?" Ya miƙa hannu ya jawo marafan kwalba. In nan ma ya cije, ta yi wani lissafin daban a gabansa yana kallo, ba wannan ba. Ba shi amsa shi ne matakin ƙarshe, kuma ba kasafai ake kai wa gare shi ba. Wataƙila a tashi ya yi tambaya biyu maimakon goma, amma biyun nasa ne. Sai dai fa dole malama da hedimasta da uwar yaron su yarda su ga shafi rabi babu rubutu, wanda ba kowa ke iyawa ba.

Ana neman duk wannan gwaninta daga mutumin da ake biya na makonnin karatu kawai, ban da hutu. Shugabannin makarantu a Ingila sun sha kukan cewa mataimakansu na ajiye aiki suna komawa manyan kantuna jera kaya, saboda can ya fi tsoka. Makaranta kuma ita ke fara biyan fam 6,000 na tallafin kowane yaro daga aljihunta kafin ƙaramar hukuma ta ƙara, don haka da kasafi ya matse, kujerar mataimakiya ake fara dubawa. Yaron da ya shafe wata shida kafin ya yarda da fuska ɗaya, sai ya dawo hutu ya tarar da baƙuwa.

Mai karatu a Kano ko Zariya zai iya cewa wannan matsalar masu ƙoshi ce, mu da ke da aji mai yara ɗari da malami ɗaya. Da gaskiyarsa, amma maganar ta fi kusa da mu fiye da yadda ake zato. Najeriya ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman a 2010. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna musu wariya, wadda ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa, kowace kuma ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatunsu. Makarantun musamman da muke da su, irin ta makafi da ke Gindiri tun 1953 da ta Tudun Maliki a Kano, ba za su ɗauke yaran Arewa duka ba. Masu fitowa daga kwalejin horar da malaman ilimi na musamman da ke Oyo, da sassan wannan fanni a jami'o'in Jos da Bayero, ba su kai a raba wa kowace firamare ba. Duk ranar da aka tashi cika dokar nan da gaske, hanyar da Ingila ta bi ita za ta fara zuwa a rai: a ɗauki mai arha a zaunar kusa da yaron. An ma taɓa gwada tura matasa azuzuwa a matsayin mataimakan malamai, a shirin N-Power da aka fara a 2016 kan naira 30,000 a wata, ko da yake ba don yara masu lalura aka tsara shi ba. A wasu makarantun kuɗi na Abuja da Legas kuwa tuni iyaye ke biyan wadda za ta riƙa bin ɗansu mai otizim (lalurar da ke sa mu'amala da mutane ta yi wa yaro wuya) a aji, sunan da ake kiran ta da shi a Turance ma, shadow, inuwa yake nufi.

Akwai wurin da irin wannan mataimaki zai yi mana amfanin da malami ba zai iya ba. Maganar hannun da ake koyarwa a makarantun kurame na Najeriya ta samo asali ne daga ta Amurka, ta hanyar Andrew Foster, baƙar fatan Amurka kuma kurma, wanda ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. Kuramen ƙasar Hausa kuwa suna da tasu maganar hannun tun kafin nan, wadda suke ciniki da hira da ita. Yaron da ya taso da ta gida ya shiga aji ya tarar da wata. Babban kurma ɗan unguwa da ya iya duka biyun, in aka horar da shi aka biya shi, zai buɗe wa yaron nan ƙofar da mai digiri ba shi da makullinta. A tsangaya ma mun san gardi yana biya wa ƙanana karatu, makaho ya haddace Alƙur'ani da kunne ta bakin wani, amma kowa ya san gaban malam ake zuwa a kai hadda. Ba a taɓa cewa tunda kana da mai biya maka, kai da malam sai gaisuwa ba.

Mataimaka kam muna da su tuntuni, ba a dai biyansu, kuma yara ne. Ɗan jagoran da ke riƙe sandar makaho a kasuwa, shekarun makarantarsa ne ke tafiya a kan titi. A aji kuwa ƙane ne, ko aboki. A firamarenmu akwai wani yaro da zazzaɓi ya taɓa wa kunne tun yana ƙarami, yana ji kaɗan in an ɗaga murya kuma yana kallon bakin mai magana. Tare aka sa su aji da ɗan baffansa, benci ɗaya, can baya saboda dogaye ne. Ɗan baffan shi ke kwafar masa rubutun allo, shi ke amsa masa kiran suna, shi ke taɓa shi in an ce a miƙe. Malamai sun ji daɗin wannan tsari ƙwarai. In malam ya gama bayani sai ya ɗaga kai ya ce, "Kai, ka gaya wa ɗan'uwanka," ya juya ga allo ya ci gaba da magana, bayansa gare mu, bakin da yaron ke buƙatar gani yana fuskantar bango. Littattafansa sun fi na kowa tsafta, da rubutun da ba nasa ba.

Muna aji biyar aka yi wa baffan canjin wurin aiki, ya kwashe iyalinsa. Yaron ya ƙara zuwa kamar mako uku, yana zaune shi kaɗai a ƙarshen benci, sannan aka daina ganinsa. Daga baya na ji an kai shi koyon ɗinki. A shekara huɗu da muka yi aji ɗaya, ban tuna ranar da wani malami ya tako har bayan aji, ya tsaya a gabansa inda zai ga bakinsa, ya yi masa tambaya shi da kansa ba.